Me Ƙungiya Ta Mallaka a Jikin Ɗan Ƙwallo?

Gasar Firimiyar Najeriya takan tafi hutu ne daidai lokacin da damina ke kankama a arewacin Kano. Daga Yuni zuwa Agusta, yayin da mutanen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi ke fama da noman farko da maimai a gonakin gero da dawa da gyaɗa, shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo suna can suna nasu lissafin: wa za a riƙe, wa za a sallama, wa za a bayar aro, wane mai tsaron baya za a ɗauko daga kudu, nawa za a kashe. A da wannan hira ta mutanen birni ce da Kano Pillars ɗinsu. Amma tun da Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024 ta kuma taso daga Ɗambatta, ta haye babbar gasa a 2025, hirar ta shigo majalisun ƙauye da teburan mai shayi da gidajen kallo. Kowane matashi da jerin sunayensa a ka. Wannan ya tsufa, a sallame shi. Wancan a ba wata ƙungiya shi a karɓo ɗan wasan gaba. Wane kuwa kada a sake shi sai an ajiye kuɗi masu kauri. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta haƙƙi. Mutumin da ake juya sunansa haka ɗa ne, yana da iyaye da iyali da ra'ayin kansa. Me ƙungiya ta mallaka a jikinsa har take da ikon miƙa shi ga wani ta karɓi kuɗi?

Amsar da nake karewa ita ce ƙungiya ba ta mallaki komai ba face alkawarin aiki na wani ƙayyadadden lokaci, kuma wannan alkawarin ma yana hannunta ne muddin tana cika nata ɓangaren. Duk cinikin da ya tsaya a cikin wannan iyaka halal ne, babu abin kunya a cikinsa. Wanda ya ƙetare ta kuwa ya faɗa cikin wani laifi da addini ya tsananta a kansa ƙwarai. Bukhari ya ruwaito hadisin ƙudusi daga Abu Huraira, inda aka ambaci mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Ɗaya mai saɓa alkawarin da ya ƙulla da sunan Allah ne, ɗaya wanda ya sayar da ɗa, wato mai 'yanci, ya cinye kuɗin, ɗaya kuma wanda ya ci gajiyar ma'aikaci har ƙarshen aiki sannan ya hana shi ladansa. Abin da ya kamata ya girgiza duk mai riƙe da ƙungiya shi ne, laifukan nan uku suna iya haɗuwa a kan takarda guda ta ɗan wasa guda, a cikin hutun kaka guda.

Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malamanmu, tun daga Risala har Muhtasar, sun san irin wannan hulɗa, suna kiranta ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. A mazhabar Malikiyya ijara alkawari ne mai ɗaure ɓangarori biyu, kuma ba ta inganta sai an san lada, an san aikin ko wa'adinsa, an kuma yarda ba tare da tilas ba. Alƙur'ani ma ya kawo misalin irinta a Suratul Ƙasas, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa aiki na shekara takwas, ya bar masa zaɓin cika goma idan ya ga dama. Wa'adi a fili, ƙari kuma a hannun ma'aikaci. Manomin wannan yanki, inda gona ke manne da gona babu wani fili da ake bari ya huta, ya san wannan hukunci a aikace ko da bai taɓa buɗe littafi ba. Yakan ɗauki 'yan ƙodago da sassafe, a yi ciniki a bakin gona kan kunya nawa ko zuwa azahar, a kawo musu kunu ko fura, in an tashi ya ƙirga musu kuɗinsu tun ƙasa na jikin ƙafarsu. Idan wani maƙwabci ya zo yana son a sakar masa ɗaya daga cikinsu kafin a gama, ana iya sulhu, ya biya mai gonar asarar da zai yi, in shi ɗan ƙodagon ya yarda. Amma babu manomin da zai tare maƙwabcinsa washegari ya ce sai ka biya ni kafin wannan yaro ya yi maka noma, don jiya a gonata ya wuni. Duk ƙauyen za su ce ya zautu. Aiki ya ƙare, lada ya fita, mutum ya koma hannun kansa.

Da wannan ma'auni, kuɗin da ƙungiya ke karɓa a kan ɗan wasan da kwantiraginsa bai ƙare ba yana da fuska mai kyau. Ta ɗauke shi shekara uku, ya yi ɗaya, wata ƙungiya tana so, shi ma yana so. Abin da ta karɓa diyya ce ta shekara biyun da ta haƙura da su, kuma warware alkawari da yardar ɓangarori abu ne da shari'a ta sani. Inda ɓarna take shi ne wata al'ada da ta yi kanta a ƙananan ƙungiyoyi da makarantun horar da yara a ƙasar nan: a riƙe takardar sallamar yaro, alhali babu kwantiragi mai rai, ko kuwa akwai amma an yi watanni ba a biya shi ko sisi ba, a ce ba zai buga wa kowa ba sai an ajiye kuɗi. A nan babu sauran aikin da ake bin sa. Abin da ake neman kuɗi a kansa ƙafarsa ce kawai da 'yancinsa na neman abinci. Mutanen ƙasar Kano ba su da uzurin kasa gane wannan siffa. A Fanisau, nan cikin Ungogo, akwai gandun sarauta da bayi suka noma a ƙarni na 19, kuma kakanninmu sun san murgu, inda bawa ke fita neman na kansa yana kai wa ubangidansa wani kaso, sun san fansa, inda yake tara dukiya ya sayi kansa. Sai a 1936 doka ta rufe babin bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Tun kafin nan da ƙarnuka, a 1615, Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawarsa yana hana bautar da Musulmin ƙasashe irin su Kano da Katsina da Barno. Neman fansa a kan wanda dama ɗa ne, ko da an yi shi da hatimi da takarda mai kan ƙungiya, yana ƙarƙashin wancan gargaɗi na hadisi.

Duniyar wasanni ta daɗe kafin ta yarda da wannan, kuma sai da wasu suka rasa sana'arsu a kai. A wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙwallo da kulki, an yi kusan shekara ɗari da wata ƙa'ida da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko bayan wa'adinsa ya cika. A ƙarshen kakar 1969 ƙungiyar St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood, baƙar fata da ya yi mata kaka 12 ya kuma ci kofin ƙasa da ita sau biyu, ta tura shi Philadelphia ba tare da shawara da shi ba. Ya ƙi tafiya, ya rubuta wa shugaban hukumar wasan cewa shi ba kaya ba ne, ya kai ƙara. Albashinsa a lokacin dala 90,000 ne a shekara, don haka mutane da yawa suka yi masa dariya, wai wane irin bawa ne mai wannan kuɗi. Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da shi a 1972, wasansa kuma bai sake miƙewa ba. Amma a 1975 wani mai sasanci ya karya ƙa'idar, kuma tun kafin nan 'yan wasa sun samu sharaɗin cewa wanda ya shekara 10 a babbar gasa, 5 na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba a musayarsa sai da izininsa. A ƙwallon ƙafa kuwa Jean-Marc Bosman ne, ɗan Beljiyam, wanda kwantiraginsa ya ƙare a 1990 amma ƙungiyarsa ta Liège ta tsare masa hanyar zuwa Dunkerque a Faransa saboda kuɗi. Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya a Disambar 1995. Masu yi wa Flood dariya sun ɓata lissafi a wuri guda: yawan lada ba ya mayar da mutum dukiyar mai biyansa, kamar yadda ƙarancinsa ba ya rage masa 'yanci.

Za a ce, kuma da gaskiya, ai ƙungiya ta yi wahala da yaron. Wannan hujja ta fi ƙarfi a ƙauye fiye da birni. Duk wanda ya san filayen makarantun firamare na wannan yanki ya san irin kocin da nake nufi. Galibi malamin makaranta ne ko tela ko mai gyaran babur. Shi ke ɗinke ƙwallo in ta fashe, shi ke auno toka ko garin farar ƙasa a ja layi, shi ke sayen takalmin gwanjo a kasuwa ya ba yaron da ya ga yana da ƙafa, shi ke haɗa kuɗin mota a je wasa Bichi ko Kazaure, in yaro ya gurɗe shi ke kai shi wurin mai ɗori. Shekara biyar, shida, sai wani dillali ya zo da mota ya ɗauke yaron, kocin ya ji labari a rediyo. Zalunci ne a ce wannan mutum ba shi da komai. Yana da haƙƙi, kuma dokar hukumar FIFA ta san da shi: akwai kuɗin horarwa da ake biyan ƙungiyoyin da suka rene ɗan wasa, akwai kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki zuwa wata ƙasa da ake raba wa waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Sai dai wannan haƙƙi bashi ne a kan ƙungiyar da ta ɗauka, a wurinta ake nemansa. Bai zama igiya a ƙafar yaron ba. Abin baƙin ciki shi ne kuɗin yana bin rajista ne, kuma yawancin ƙungiyoyin ƙauye ba su da rajista, yaransu ba su cikin kundin hukuma, don haka idan rabo ya zo sai ya faɗa hannun wata makaranta ta birni da ta rubuta sunan yaron wata uku kafin ya tafi. Maganin kocin ƙauye yana ofishin hukumar ƙwallo ta jiha, inda zai sa sunan ƙungiyarsa da na yaransa. Ɓoye takardar yaro ba ya dawo masa da komai sai ƙiyayya.

Hujja ta biyu daga magoya baya take fitowa, kuma da harshen ɗabi'a take zuwa. Sukan ce halacci fa? Ƙungiyar da ta fito da kai, ka samu suna, sai ka juya mata baya? Halacci abu ne mai daraja a addini da al'ada, kuma ba na raina zafin da mai goyon baya ke ji. Amma a duba mutum biyu da Kanawa suka fi ambata in ana wannan magana. Rabi'u Ali Pele ya zauna a Kano Pillars shekaru masu yawa, ya ci gasa da ita, ya ci gaba da buga mata har bayan ya haura arba'in. Ahmed Musa kuwa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo a Holan, ya wuce CSKA Moscow da Leicester City da Al Nassr, sannan ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024. Ana yaba wa na farko don ya zauna, ana yaba wa na biyu don ya dawo, kuma yabon duka biyu yana da ma'ana ne saboda ƙofa a buɗe take. Da an ɗaure su, da zaman ba halacci ba ne. Ban da haka, bakin da ke kiran ɗan wasa butulu in ya tafi, shi ne dai ke ihun a kore shi in ya yi wasa uku bai ci ba. Ba a neman halacci daga hannu ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga shugaban ƙungiya, wanda shi ma yana da tasa hujjar. Zai ce amana ce a wuyansa, kuɗin gwamnati ne ko na mai ƙungiya, kuma babbar gasa ba ta da tausayi. Pillars da kanta, mai kofin gasa huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa ƙaramar gasa a 2022 kafin ta dawo a shekarar da ta biyo. Ƙungiyar da ta hau sabo-sabo takan ga cewa yaran da suka hau da ita ba duka za su iya sabon matakin ba. Shin zalunci ne ta sallame su? A'a. Ayar da ta kawo labarin Annabi Musa ta ambaci ƙarfi da amana a matsayin abin dubawa wurin ɗaukar ma'aikaci, kuma shugaban da ya riƙe wanda bai iya ba don kunya ko don ɗan garinsu ne ya ci amanar da aka ba shi. Rashin sabunta kwantiragin da ya ƙare ba laifi ba ne. Laifin yana cikin yadda ake yi. A bar mutum yana atisaye har mako biyu kafin a fara gasa, sauran ƙungiyoyi sun cike gurabensu, sannan ya ga babu sunansa a takardar da aka manna a bango. A yanke kwantiragi a tsakiya a kira shi sallama, ba diyya. A ce masa ya yafe albashin wata uku da sauran kuɗin sa hannu kafin a ba shi takardarsa. Koke-koken bashin albashi sun daɗe suna fitowa daga ƙungiyoyin ƙasar nan, kuma dokar FIFA tun 2018 ta ba ɗan wasa damar warware kwantiragi in an riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba da gargaɗin kwana 15 a rubuce. Shugaban da ke zaune yana lissafin sababbin da zai ɗauko alhali na bara suna bin sa bashi, yana tsara kakarsa ne da kuɗin da ba nasa ba.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ta masu tausayin yaran ce. Sukan ce duk maganar yarda da kake yi iska ce. Yaron da ya tashi a gidan da gonarsu ba ta kai kadada ɗaya ba, aka raba ta tsakanin 'yan'uwa shida, in aka miƙa masa biro zai sa hannu a kan komai. Gaskiya ne, kuma shi ya sa yardar da shari'a ke nema ta wuce dangwala yatsa. Fiƙihu ya hana cinikin garari, wanda ɗaya daga masu yinsa bai san abin da ya shiga ba. Takarda mai shafi takwas da Turancin lauyoyi, wadda aka shimfiɗa a kan tabarma a zaure gaban dattijon da karatunsa na allo ne da ajami, dillali yana nuna masa inda zai dangwala yana cewa Baba ai alheri ne, ba a fassara ba, ba a bar musu kwafi ba, wannan garari ne tsagwaronsa. Talauci ba ya soke yarda, in ba haka ba da babu talakan da zai iya ƙulla ciniki. Amma yana ɗora wa mai ƙarfi nauyin bayani. A karanta wa yaro da waliyyinsa da Hausa, a faɗi wa'adi da albashi da la'adar dillali, a kira shaidu, a bar musu tasu takardar. Dokar ƙwallo ta hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18 sai a wasu 'yan yanayi, kuma Ahmed Musa kansa sai da ya jira cikarsa 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Tun 2015 kuma an hana wani mutum na gefe ya mallaki kaso a kuɗin cinikin ɗan wasa. Duk dillalin da ya ce wa uba ya sayi rabin yaronsa, abin da yake faɗa haramun ne a dokar wasan ma.

Akwai kuma malaman da ke ganin ƙwallon kanta ɓata lokaci ce, suna kuma da dalilansu game da tsiraici da sallah da caca. Malamai da yawa sun halatta ta da sharuɗɗa, kuma ko wanda ya ƙi ta bai taɓa halatta cinye gumin mai buga ta ba.

Wuri ɗaya ne nake ganin tsohon hukuncin ijara shi kaɗai ba zai wadatar da ɗan ƙwallo ba, wato rauni. A fiƙihu, idan ma'aikaci ya kamu da abin da ya hana shi aikin da aka ɗauke shi dominsa, ijarar na iya warwarewa a sauran wa'adin, tunda amfanin da aka yi ciniki a kansa ya yanke. Wannan ya dace da aikin da ciwo ke zuwa masa daga waje. Ɗan ƙwallo kuwa aikin ne da kansa ke karya shi. Jijiyar gwiwa takan tsinke ne a filin ƙungiya, cikin rigarta, yana kare ragarta, kuma jinyarta kan ci kaka guda cur. Idan aka ce daga ranar ya zama nauyin iyayensa a ƙauye, an kwashe ribar ƙarfinsa an bar masa asarar. Mafitar tana cikin fiƙihun kansa, domin ya yarda da sharaɗin da aka gindaya a alkawari, ya kuma yarda da al'adar da masu sana'a suka ginu a kanta, kuma al'adar ƙwallo a yau ita ce rauni ba hujjar soke kwantiragi ba ne. Saboda haka a rubuta shi ɓaro-ɓaro tun ranar sa hannu: wa zai biya aikin asibiti, albashi zai ci gaba har yaushe, me za a ba shi in likita ya ce ba zai sake bugawa ba. Uban da aka kawo wa takarda daga Ɗambatta ko Kano ko Legas, kafin ya tambayi nawa ne kuɗin sa hannu, ya sa a nuna masa layin da ya yi maganar gwiwar ɗansa.